Bashi da Ƙarya a Gaban Masu Tantancewa: Bayani ga Mai Neman Aikin Amana

  

Duk lokacin da gwamnatin Gana ta buɗe ɗaukar 'yan sanda ko soja ko jami'an shige da fice, sai ka ga matasanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line suna sintiri gidajen limamai da sarakuna, suna neman takardar shaidar hali. Kowa ya tanadi sakamakon jarrabawarsa, ya auna tsayinsa, ya yi atisayen gudu. Kaɗan ne suke tambayar abin da ake dubawa a ɓoye bayan an gama waɗannan, wato binciken hali da amana. Wannan bayani ya taƙaita a kan abubuwa biyu da suke kayar da mutane a wannan mataki: bashin da aka ƙi biya, da ƙaryar da aka yi a takarda. Jigon maganar shi ne, mai tantancewa yana iya yi wa bashi uzuri idan an bayyana shi kuma ana ƙoƙarin biya, amma da wuya ya yi wa ɓoyewa uzuri.

Mece ce tantancewar tsaro?

Tantancewar tsaro bincike ne da hukuma take yi a kan mutum kafin ta damƙa masa abin da zai cutar da jama'a idan ya ci amanarsa: sirrin ƙasa, ko makami, ko baitulmali, ko ƙofar iyaka. Mafi tsananinta ita ce wadda ake yi kafin a ba mutum izinin ganin takardun sirri. Akwai masu sauƙi a ƙasa da ita, kamar ta sabon ɗan sanda, ko ma'aikacin banki, ko mai aiki a filin jirgin sama.

Wannan bincike ya bambanta da shari'ar kotu. A kotu, sai an tabbatar da laifi kafin a hukunta mutum, kuma shakka tana amfanar wanda ake tuhuma. A tantancewa kuwa tambayar ita ce: za a iya dogara da wannan mutum gobe? Idan shakka ta rage, ƙasa ake yi wa rinjaye da ita. Saboda haka mutum yana iya kasancewa bai taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba, amma a ce bai dace da wannan kujera ba.

Me ya haɗa bashi da tsaro?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Masu tantancewa ma sun san haka, ba kuma talauci suke hukuntawa ba. Dalilai uku suke sa su duba bashi.

Na farko, matsi. Wanda masu bin bashi suka tsare masa ƙofa, shi ne ya fi saurin karɓar abin da aka miƙo masa, ko cin hanci a shingen hanya, ko kuɗin sayar da sirri.

Na biyu, ɗabi'a. Wanda ya sa hannu a yarjejeniya da banki ya yi watsi da ita alhali yana da halin biya, ya nuna yadda yake ɗaukar alkawari. Dokokin kiyaye sirri ma alkawari ne.

Na uku, asirin da ake tsoron tonuwarsa. Wanda ya ɓoye bashin caca ga matarsa da shugabansa, duk wanda ya gano asirin ya riƙe shi da igiya. A nan ne bashi da ƙarya suke haɗuwa.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA. Bashi ya yi masa yawa a lokacin rabuwarsa da matarsa ta farko. A watan Afrilu na 1985 ya kai kansa ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet da ke Washington, ya sayar da bayanai a kan dala 50,000. Daga nan bai iya tsayawa ba. Ya karɓi fiye da dala miliyan 2, ya sayi gida na dala 540,000 da tsabar kuɗi, kuma an kashe aƙalla mutum goma daga cikin waɗanda ya tona. Sai a watan Fabrairu na 1994 aka kama shi, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Labarinsa ya koyar da abu biyu: bashi yana buɗe ƙofa, dukiyar da ta fi ƙarfin albashi kuma alama ce ta cewa wani ya riga ya shiga.

Tsarin Amurka

Mun kawo Amurka ne don dalili biyu. Ta rubuta ƙa'idojinta a fili, kowa yana iya karantawa. Sannan 'ya'yan Zango da yawa suna can, musamman a unguwar Bronx ta birnin New York, wasunsu sun shiga soja ko aikin gwamnati bayan sun zama 'yan ƙasa.

Mai neman izinin ganin sirri yana cika wata doguwar takarda mai suna SF-86. A ɓangaren kuɗi ana tambayarsa abin da ya faru cikin shekara bakwai da suka wuce: ko kotu ta ayyana shi wanda ya karye, ko ya ƙi biyan haraji, ko an ƙwace masa kaya saboda bashi, ko akwai bashin da ya wuce kwana 120 bai biya ba. Ana kuma tambayarsa dukiyar da yake da ita a ƙasar waje, da ko yana ɗaukar nauyin wani da ba ɗan Amurka ba. Don haka fili a Asokore Mampong da kuɗin da ake aiko wa mahaifiya duk wata suna cikin abin da ake bayyanawa. Taimakon iyaye ba laifi ba ne a wurinsu. Ɓoye shi ne yake zama laifi, domin dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya yi ƙarya da gangan a takardar gwamnati.

Ana auna amsoshin da ƙa'idoji goma sha uku, waɗanda sabon tsarinsu ya fara aiki a watan Yuni na 2017. Biyu ne suka shafe mu. Ƙa'ida ta F tana magana a kan kuɗi: kasa biyan bashi, ƙin biya alhali da hali, kashe abin da ya wuce samu, caca, ƙin biyan haraji, da arzikin da ba a san tushensa ba. Matsalar kuɗi ce ta fi yawa a ƙararrakin da ake saurara na ma'aikatan kamfanonin da ke yi wa ma'aikatar tsaro aiki. Ƙa'ida ta E kuma tana magana a kan halin mutum, kuma kan gaba a cikinta shi ne ɓoye gaskiya ko ƙirƙirar ƙarya a lokacin bincike.

Ƙa'ida ta F ta buɗe ƙofofin uzuri da dama. Ana sassautawa idan bashin ya zo ta hanyar da ta fi ƙarfin mutum, kamar rasa aiki, ko rashin lafiya, ko mutuwa, ko mutuwar aure, matuƙar ya yi abin da mai hankali zai yi bayan haka. Ana sassautawa idan ya fara biya da kyakkyawar niyya kuma yana kan tsarin, ko yana da hujjar cewa bashin ba nasa ba ne. Ƙofar ƙa'ida ta E kuwa ƙunci gare ta: babban uzurinta shi ne mutum ya gyara maganarsa da kansa, da wuri, tun kafin a ɗora masa hujja a gabansa. Shi ya sa mutum biyu za su zo da bashi iri ɗaya, wanda ya rubuta nasa ya kawo rasiɗan biya ya wuce, wanda ya amsa da "a'a" ya faɗi. Kuma Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana a 1988 cewa wannan izini ba haƙƙin kowa ba ne da zai tilasta a ba shi.

Yadda abin yake a Gana

A nan gida ƙa'idar tana warwatse ne a cikin dokoki daban-daban, amma ma'anarta ɗaya ce.

Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 94, ya hana mutum zama ɗan majalisa idan an ayyana shi wanda ya karye kuma ba a sallame shi ba, ko an same shi da laifin zamba ko rashin gaskiya. Ya kuma shar'anta cewa ya biya harajinsa, ko ya yi tsarin biya da hukuma ta yarda da shi. A lura da wannan: ko kundin ya bambanta mai ƙin biya da mai tsarin biya. Sashe na 78 ya ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan ministoci, tunda ba a naɗa minista sai wanda ya cancanci zama ɗan majalisa. Kwamitin naɗe-naɗe na majalisa yakan nemi rahoton sirri daga 'yan sanda da hukumar leƙen asiri, wadda dokar 2020 ta sauya mata suna daga BNI zuwa NIB, da rahoton haraji daga hukumar tara kuɗin shiga, sannan ya gayyaci jama'a su kawo ƙorafi.

Sashe na 286 ya wajabta wa manyan masu riƙe da muƙamai su rubuta wa Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasa abin da suka mallaka da bashin da ake bin su, a farkon aiki, da duk bayan shekara huɗu, da ƙarshen wa'adi. Ƙarya a wannan takarda saɓa wa kundin ne, kuma hukumar CHRAJ ce take karɓar ƙorafi a kai. Kada a ɗauka ƙarya a takarda wasa ce: a 2012 Babbar Kotu a Akra ta ɗaure ɗan majalisa mai ci na Bawku ta Tsakiya shekara biyu saboda bayanin ƙarya da ya yi rantsuwa a kansa game da zama ɗan wata ƙasa.

Dokar bankuna ta 2016 ita ma ta hana wanda ya karye ko aka same shi da laifin zamba zama darakta ko babban jami'in banki. A Najeriya kuwa, dokokin aikin gwamnatin tarayya sun lissafa nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffukan ma'aikaci, kuma daga cikin ma'auninsu akwai bashin da ba shi da jingina ya haura albashin wata uku.

Ga sabon ɗan sanda ko soja, sharuɗɗan da ake bugawa sun haɗa da zama ɗan ƙasa, da kyawun hali, da rashin tarihin laifi, kuma ana tabbatar da takardun makaranta ana ɗaukar zanen yatsu. A nan ya kamata a fahimci bambanci. Bashi zalla magana ce tsakanin mutum biyu, ba ya shiga kundin masu laifi na sashen CID. Amma karɓar kuɗin mutane da yaudara, kamar alkawarin biza ko kujerar Hajji da babu ita, laifi ne a sashe na 131 na dokar laifuffuka ta 1960. Ba da cek alhali babu kuɗi a asusu ma laifi ne a wannan doka. Da zarar kotu ta tabbatar da ɗayansu, bashi ya koma tarihin laifi, kuma zai fito a takardar wanke kai ta 'yan sanda.

Akwai wani rami da ya fi cin matasanmu. A 2015 ɗaruruwan matasa sun isa makarantun horar da 'yan sanda riƙe da takardun ɗauka na jabu, bayan sun biya 'yan damfara kuɗi, aka mayar da su gida. Wanda ya ci bashi don sayen gurbi ya tara abu biyu a rana ɗaya, bashi da ƙarya. Ko ya samu shiga, zai fara aiki yana neman inda zai fanshe kuɗinsa, kuma akwai wanda ya san asirinsa.

Inda bashi yake barin sawu

A da, mutum yakan ci bashi a Kumasi ya koma Tamale ko Ashaiman, magana ta mutu. Yanzu ba haka ba ne. Dokar rahoton bashi ta 2007 ta sa bankuna da sauran masu ba da rance suna miƙa bayanan masu bashi ga kamfanonin da Babban Bankin Gana ya ba lasisi, kamar XDS Data da Dun & Bradstreet. Katin Gana kuma ya haɗa layin waya da asusun banki da sunan mutum ɗaya. A 2022, lokacin sabunta rajistar layuka, Babban Bankin ya gargaɗi masu cin rancen waya suna jefar da layi cewa bayanansu suna nan a ajiye, kuma hakan zai hana su samun rance nan gaba. Asusun rancen ɗalibai ma ya sha gargaɗin buga sunayen waɗanda suka gama karatu suka ƙi biya. Doka ta ba kowa damar neman ganin rahotonsa da neman a gyara kuskure idan akwai.

Akwai kuma bashin da ba ya cikin kwamfuta: zubin adashi ko susu da aka kwashe aka gudu, kayan da aka ɗauka a Kejetia ba a kawo kuɗin ba, kuɗin haya da aka tara. Wannan yana rubuce a bakin maƙwabta, kuma mai bincike idan ya shigo unguwa su yake tambaya.

Asalin wannan a fiƙihu da a kasuwar Zango

Ɗalibi ya sani cewa Musulmi sun riga sun san wannan babi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yawaita neman tsari daga bashi a cikin sallarsa. Da aka tambaye shi dalili, sai ya bayyana cewa bashi yana jan mutum zuwa ƙarya a zance da saɓa alkawari. Wannan ita ce alaƙar da masu tantancewa suke nema a yau. Shari'a kuma ta raba mutum biyu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, hadisi kuma ya kira jan ƙafar mawadaci wajen biya zalunci. Aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take.

Malaman fiƙihu sun gina hukunci a kan haka a babin shaida. Alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai an yi masa tazkiyya, ta fili da ta sirri. Tun ƙarni na biyu na Hijira alƙalan Masar suna da jami'i na musamman da yake zagayawa yana tambayar halin shaidu a ɓoye. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa taurin bashi cikin abubuwan da suke zubar da shaidar mutum. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, idan ta ƙaru fiye da ƙima ya raba ta ya mayar da wani kaso baitulmali.

Kakanninmu a Zangon Kumasi da wannan ma'auni suka yi fataucin shanu da goro. Bafatake yakan kawo shanu daga arewa ya sauka gidan maigidansa, maigida ya sayar wa mahauta bashi, ya tsaya lamuni cewa kuɗin za su fito. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta rubuta bayanin wannan tsari na Kumasi a 1966. Jarin maigida shi ne sanin wane mahauci ne mai biya. Wanda kasuwa ta juya wa baya ya zo ya faɗi gaskiya, ana ɗaga masa ƙafa. Wanda ya yi ta ɓuya, labarinsa yakan zagaye kara, ya nemi mai ba shi ko ɗan maraƙi ya rasa.

Abin da mai neman aiki zai yi

Na ɗaya, ya zauna ya rubuta duk bashin da ake bin sa, na banki, da na waya, da na makaranta, da na unguwa, tun kafin a buɗe ɗaukar aiki.

Na biyu, ya je wurin mai bin sa da ƙafarsa. Su yi tsarin biya a rubuce, ko da kaɗan-kaɗan ne, ya riƙa ajiye rasiɗi. Biyan wata shida a jere ya fi biyan gaggawa ana gobe tantancewa nuna hali.

Na uku, ya nemi rahotonsa daga kamfanonin bayanan bashi. Idan ya ga bashin da ba nasa ba, ko wanda ya riga ya biya, ya kai ƙorafi a rubuce ya ajiye kwafi.

Na huɗu, ya amsa kowace tambaya yadda take. Idan bai gane ta ba ya tambaya. Kada ya rage shekarunsa, kada ya ari takardar ɗan'uwansa, kada ya bari mai shagon intanet ya cika masa amsar da bai karanta ba, domin sa hannun nasa ne. Idan ya tuna ya yi kuskure, ya gyara kafin a gano.

Na biyar, ya yi hattara da tsaya wa wani lamuni. Wanda ya sa hannu a rancen abokinsa, idan abokin ya gudu, shi za a bi.

Na shida, ya nisanci cacar ƙwallo ta waya. Bayan haramcinta, tana haifar da irin bashin da ake jin kunyar faɗa, wanda shi ne mafi hatsari.

Kalma ga limamai da iyaye

Takardar shaidar hali shaida ce, kuma za a tambaye mu a kanta. An taɓa kawo mini wani yaro in sa masa hannu, alhali na san ya kwashe zubin adashin wasu mata a unguwa. Na ce wa mahaifinsa su fara zuwa su daidaita da matan, in ga takardar yarjejeniya, sannan in rubuta abin da na sani. Ransa ya ɓaci a ranar. Amma da na rubuta cewa yaron amintacce ne, da na yi shaidar zur, na kuma zubar da darajar takardar duk yaron kirki da zai zo bayansa. Idan hukuma ta gane cewa hatimin masallatanmu ana buga shi ga kowa, 'ya'yan Zango gaba ɗaya ne za su yi asara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Iyaye kuma su sassauta wa yaron da ya samu aiki. Ɗora masa nauyin biki da suna da gini fiye da albashinsa yana tura shi ga rance, rance kuma yana tura shi ga abin da muka ambata. Masu hali a cikinmu su tuna cewa mabarta, wato waɗanda bashi ya danne ba ta hanyar saɓo ba, suna cikin kaso takwas da Suratut Tauba ta ba zakka. Fitar da matashi ɗaya daga bashi yana iya buɗe masa ƙofar aikin da zai riƙe gida guda.

Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya wadata mu da halal, ya sanya mu cikin masu gaskiya da riƙon amana. Allah ne mafi sani.